Katin Ƙara Sauri a Tsofaffin Kwamfutocin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya mallaki tsohuwar Amiga, ko Apple II, ko Commodore 64, ya tayar da ita ta yi aiki, ba ya daɗewa sai zancen sauri ya taso masa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar waɗannan na'urori suka fi maimaitawa. Na fi ba da ƙarfi a kan Amiga, domin a can kasuwar katunan ta fi bunƙasa, kuma ita na fi taɓawa da hannuna.

1. Mene ne katin ƙara sauri?

Ƙaramin allo ne mai ɗauke da furosesa wadda ta fi ta asali ƙarfi, galibi tare da nasa RAM da nasa agogon. Idan aka maƙala shi, sai ya karɓe aikin lissafi daga furosesar da kwamfutar ta zo da ita, ita kuma ta koma gefe ta yi shiru, ko ma a cire ta gaba ɗaya. Sauran kayan na nan yadda suke: cif ɗin hoto, cif ɗin sauti, na'urar faifai da kibod. Misali, Amiga 500 ta 1987 ta zo da Motorola 68000 mai gudun 7.09 MHz a ƙasashen da ke bin tsarin talabijin na PAL. Da kati, kwamfutar nan ɗaya za ta iya aiki da 68030 mai gudun 40 ko 50 MHz.

2. Me zai hana kawai a ƙara wa agogon kwamfutar gudu, ba sai an sayi kati ba?

Abin da ke hanawa shi ne talabijin. An ƙera waɗannan kwamfutoci ne domin a jona su da akwatin talabijin na falo, saboda haka kiristal guda ɗaya ne ke auna lokacin komai a cikinsu. A Amiga ta PAL, kiristal ɗin yana bugawa a 28.375 MHz; a raba gida huɗu a ba furosesa, daga shi kuma ake fitar da lokacin zana layukan hoto, da na sauti, da na karanta faifai. Ka canza shi, hoto zai yamutse, sauti ya sauya murya, faifai ya ƙi karantuwa. Tamkar kiɗan kalangu ne da 'yan rawa goma suke bi: ba yadda za a yi a ƙara wa mutum ɗaya sauri da kiɗan nan ba tare da an rikita sauran tara ba.

Shi ya sa kati yake zuwa da agogonsa. Furosesarsa tana gudu a nata lokacin muddin aikin a cikin katin yake, amma duk sa'ar da za ta yi magana da babban allo sai ta dakata ta bi takunsa. Wanda ya riƙe wannan bayani, rabin tambayoyin da ke gaba sun riga sun warware masa.

3. Mene ne bambancin Chip RAM da Fast RAM, kuma me ya sa kowa ke nanata shi?

Chip RAM ita ce ma'adanar da furosesa take tarayya da cif-cif ɗin hoto da sauti. A Amiga 500, cif ɗin Agnus ne ke rabon shiga, kuma hoto ne ke da fifiko, domin hasken talabijin ba ya jiran kowa. Idan sikirin ya cika da launuka, ko injin kwafe hoto da ake kira Blitter yana aiki, furosesa sai ta tsaya a layi. Fast RAM kuwa ta furosesa ce ita kaɗai, babu mai yi mata kishiya.

A ganina wannan ne zancen da ya fi muhimmanci a duk shafin nan. Amiga 1200, wadda ta fito a 1992 da 68EC020 mai 14 MHz da Chip RAM 2 MB, an sayar da ita babu Fast RAM ko kaɗan. Ka saka mata katin RAM zalla, ba tare da sabuwar furosesa ba, saurinta ya kan kusa ninkawa. Akasin haka, furosesa mai 50 MHz da ba ta da RAM a kan katinta, doki ne da aka ɗaure a turke. Sannan a kula: ƙarin 512 KB da ake sawa ta murfin ƙasan Amiga 500, wato A501, ba Fast RAM ba ce ta haƙiƙa. Tana kan hanyar da Agnus ke iko da ita, shi ya sa ake ce mata Slow RAM.

4. Ta ina ake saka katin?

Ya danganta da na'urar. A Amiga 500 hanya biyu ce: ko a ciro 68000 mai ƙafafu 64 daga soket ɗinta a dasa katin a gurbinta, ko a jona akwati ta ramin gefen hagu, kamar GVP A530 wanda ya haɗa 68030 mai 40 MHz da RAM da faifan ajiya a gida ɗaya. Amiga 1200 tana da rami mai ƙafafu 150 a ƙarƙashin murfin cikinta, ba sai an kwance ko kusa ɗaya ba. Amiga 2000 tana da ramin furosesa na musamman, inda Commodore, kamfanin da ke ƙera Amiga, da kanta ta fitar da A2620 mai 68020 da A2630 mai 68030. Wahala tana wajen Amiga 600: an like furosesarta da dalma a jikin allo, don haka katin kifa shi ake yi a kanta ya kama ƙafafunta, kuma idan bai zauna daram ba, jijjiga kaɗan takan ɗaga shi.

5. Mene ne bambancin 68020, 68030, 68040 da 68060?

Dukansu 'ya'yan gidan Motorola ne, kuma kowace tana fahimtar yaren ta gabanta. 68020 ce ta fara cikakken aiki da bit 32, ta zo da 'yar ma'ajiyar kusa ta bait 256 domin umarnin da ake yawan maimaitawa. 68030 ta ƙara wata bait 256 ta bayanai, da sashen kula da ma'adana da ake kira MMU. 68040 ta ɗaga ma'ajiyoyin zuwa 4 KB kowace, ta shigo da sashen lissafin ɗigo, FPU, cikin jikinta, sai dai akwai ta da zafi da cin wuta. 68060 ta 1994 ita ce auta: 8 KB kowace ma'ajiya, tana iya zartar da umarni biyu a bugun agogo ɗaya, kuma da wuta 3.3V take aiki. Saboda haka kada a gwada su da lambar MHz kawai. 68040 mai 25 MHz ta fi 68030 mai 50 MHz a ayyuka da yawa.

Akwai kuma haruffan tsakiya. LC na nufin babu FPU. EC na nufin an rage kaya domin araha: a 68EC030 babu MMU, a 68EC020 kuwa layukan adireshi 24 ne kawai, wato iyakarta 16 MB. Masu 68020 da 68030 da ke buƙatar FPU sukan ƙara cif ɗin 68881 ko 68882 a gefe.

6. Ina da buƙatar FPU da MMU?

Idan wasanni ne burinka, kusan a'a. FPU ta masu zanen siffofi masu kauri ce, irin masu aiki da LightWave 3D ko Imagine, waɗanda a wancan zamani sukan bar kwamfuta ta kwana tana fitar da hoto ɗaya. MMU tana da amfani ga masu rubuta manhaja da masu son gudanar da Linux ko NetBSD, tana kuma taimaka wa manhajar ɗora wasanni ta WHDLoad wajen kama kurakuran wasu wasanni (duba tambaya ta 8).

7. Su wa suka ƙera waɗannan katuna?

A Amurka, Great Valley Products, wato GVP, ta jihar Pennsylvania ce ta yi fice a farkon shekarun 1990. Katunanta masu kyau ne, amma da yawansu suna amfani da wani nau'in RAM na kamfanin mai ƙafafu 64, wanda samunsa yau sai an sha nema. Bayan Commodore ta durƙushe a watan Afrilun 1994, babu sauran sabuwar Amiga mai ƙarfi da ake jira, sai katin ƙara sauri ya zama ita ce kaɗai hanyar ci gaba, kuma kamfanonin Jamus suka riƙe ragamar. Phase5 ta garin Oberursel ta fitar da jerin Blizzard na Amiga 1200 da CyberStorm na 3000 da 4000. Blizzard 1230 IV, mai 68030 a 50 MHz da RAM har 128 MB, har yau ita ce ma'aunin da ake gwada saura da ita. Daga 1997 Phase5 ta fara katunan da ke ɗauke da furosesa biyu, ta jerin 68000 da wata sabuwar iri mai suna PowerPC, kafin ita ma ta rufe a 2000.

Abin da ke taɓa zuciyata a wannan tarihi shi ne, kamfanin da ya haifi na'urar ya mutu, amma ƙananan injiniyoyi da masu saye suka ƙi binne ta, suka ci gaba da ɗora mata ƙarfi shekara da shekaru.

8. Na saka kati, sai wasu wasannina suka daina aiki. Katin ne ya lalace?

Da wuya. Laifin yawanci na wasan ne, kuma ba ganganci masu rubuta shi suka yi ba. A 1988 kusan duk Amigar da ke gidajen mutane 68000 ce mai 7 MHz, sai suka gina a kan haka. Wasu suna auna jinkiri da ƙirge: su sa furosesa ta ƙirga zuwa dubu kaza kafin kan na'urar faifai ya matsa. Furosesa mai sauri takan gama ƙirgen tun faifan bai shirya ba. Wasu suna sauya umarninsu da kansu yayin da suke gudu, ita kuwa ma'ajiyar kusa tana riƙe da tsohon umarnin, sai a yi karo. Wasu sun ɓoye bayanai a bit 8 na saman adireshi, tun da 68000 ba ta duban su, amma 68030 tana duba. Akwai masu zaton duk RAM Chip RAM ce, su ajiye hoto a Fast RAM inda cif ɗin hoto ba ya gani (tambaya ta 3), sai sikirin ya cika da tarkace. Akwai kuma waɗanda ba sa jiran Blitter ya gama, don sun saba yana riga su.

Magani hawa uku ne. Na farko, daga Kickstart 3.0 zuwa sama (Kickstart ita ce manhajar tashi da ke cikin cif ɗin ROM na Amiga), danne maɓallan linzami biyu lokacin kunnawa, ka kashe ma'ajiyar kusa a jerin zaɓin da zai fito. Na biyu, kashe katin ɗungurungum. A Blizzard 1230 IV da 1260 danne lamba 2 ake yi yayin kunnawa. Na uku, wanda ya fi, shi ne WHDLoad ta Bert Jahn, manhajar da ke ɗora wasannin filofi a kan faifan ajiya tare da gyara waɗannan kurakurai wasa bayan wasa. Tana son RAM sosai, kuma wannan na daga manyan dalilan da mutane ke sayen kati a yau.

9. To waɗanne abubuwa ne ke ƙara sauri, waɗanne ne ba sa motsi?

Duk aikin da nauyinsa lissafi ne zai tashi: matse fayil da kwance shi, buɗe hoton JPEG, haɗa manhaja, da wasanni masu zana duniya da lissafi irin Frontier: Elite II na 1993. Doom, da aka saki rubutun manhajarsa a ƙarshen 1997, sai da furosesa mai ƙarfi yake tafiya da kyau a Amiga. Wasannin tsalle-tsalle kuwa, waɗanda ke bin bugun sikirin sau 50 a daƙiƙa, ba za su canza ba, kuma haka ake so. Karatun filofi ma yana nan yadda yake, haka yawan launuka da ingancin sauti.

10. Na saka 68040 ko 68060, kwamfutar tana faɗuwa ko tana jan ƙafa. Me na manta?

Mai yiwuwa fayil ɗin 68040.library ko 68060.library ne babu. Motorola ta cire wasu umarnai daga jikin waɗannan furosesoshi biyu, ta bar manhaja ta cike gurbin. Umarnin SetPatch ne ke loda fayil ɗin a farkon tashin kwamfuta, kuma a yi ƙoƙari a sa wanda ya dace da katin, ba kowane aka tsinta ba. Idan katin yana da zaɓin MapROM, a kunna shi: yana kwafe Kickstart daga cif ɗinta mai jinkiri zuwa Fast RAM, a ba da 512 KB a sami sauri a duk wani motsi na Workbench, wato fuskar tagogi da gumaka ta Amiga.

Masu Amiga 1200 da 600 su san wannan ma: a katunan da ke jera RAM ɗinsu cikin adireshin bit 24, duk abin da ya haura 4 MB yana hawa kan gurbin ramin PCMCIA na gefen kwamfutar, sai katin ajiya na CF ko na intanet da ke ramin ya daina aiki. Katunan 68030 masu kyau suna ajiye RAM ɗinsu can sama, ba su da wannan matsala.

11. Me ya kamata in gyara kafin in saka kati?

Wannan tambayar ce na fi so a yi mini, ita ce kuma ba a cika yi ba. Na'urar da ta haura shekara talatin ba a ɗora mata kaya sai an duba ƙafafunta. Kafasitocin Amiga 600 da 1200 suna yoyo. Za ka ga dalmar da ke gindinsu ta dushe ta yi toka-toka, idan ka ɗora mata ƙarfen dalma mai zafi sai wani ƙarni kamar na kifi ya taso. A canza su duka. Batir mai siffar ganga da ke cikin A501, da 500 Plus, da 2000, 3000 da 4000, a cire shi yau, ba gobe ba. Na taɓa buɗe wata Amiga 2000 da na yi wata biyu ina ɗokin isowarta, na tarar da wani kore-kore ya bi layukan tagulla daga gindin batir har cikin soket ɗin furosesa, ƙafafun suna marmashewa da na taɓa su da tsinke. Katin da na tanadar mata bai shiga ba sai bayan makonni ina bin layi ɗaya-ɗaya da mita.

Sai akwatin wuta. Na Amiga 600 da 1200 an yi shi ne daidai cikin kwamfutar, ba a yi lissafin 68040 da faifan ajiya ba. Idan layin 5V ya yi ƙasa, kwamfutar za ta riƙa faɗuwa ba dalili, kai kuma ka ɗora wa katin laifi. Auna wutar a kan allo yayin da katin ke aiki. Wasu allunan 1200, musamman masu lamba 1D.4 da 2B, suna rikici da katuna masu sauri har sai an cire ƙananan kafasitoci E123C da E125C da ke bayan allon. Wannan aikin mai gyara ne wanda hannunsa ya faɗa.

Ga mu da ke ƙasashe masu zafi akwai ƙari. 68040 a cikin rufaffen murfin 1200 a watan Afrilu tana buƙatar ƙarfen shan zafi da 'yar fanka. A lokacin hunturu kuma, iskar da ta bushe takan tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke ɗan tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe cif. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki kati, ka riƙe shi ta gefuna. Na'urar da aka sayo daga Amurka ta 110V ce, kada a soka akwatin wutarta kai tsaye a namu soket.

12. Tsohon kati zan nema ko sabo?

Sababbi sun kasu uku. Akwai masu amfani da ainihin furosesar Motorola a kan sabon allo, kamar jerin ACA na Individual Computers ta Jamus, da TerribleFire na Stephen Leary. Akwai Vampire, wanda ya gina furosesar da ya kira 68080 a cikin cif ɗin FPGA, irin cif ɗin da ake iya sake tsara cikinsa. Sai PiStorm na Claude Schwarz, wanda ke dasa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a gurbin 68000, manhajar Emu68 ta Michal Schulz tana juya umarnin Motorola zuwa na ARM, furosesar Raspberry Pi ɗin, nan take. Saurinsa ya zarce na kowace 68060, ga arha.

Ra'ayina, wanda ke son wasanni da Workbench mai sauƙin sarrafawa, 68030 da RAM wadatacciya sun ishe shi, kuma nan ne aka fi samun daidaito da tsofaffin manhajoji. PiStorm na burge ni, ina kuma ba da shawararsa ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai mutum ya sani cewa a lokacin Raspberry Pi ne ke kusan duk aikin. Tsohon Blizzard kaya ne mai daraja, amma tsadarsa ta masu tara kayan tarihi ce, kuma wasu cif-cif ɗinsa idan suka mutu samun madadinsu aiki ne.

13. Gaskiya ne akwai jabun 68060?

Akwai. Fitowar ƙarshe, mai lambar 71E41J, ba ta zafi sosai kuma tana jure gudun da ya wuce wanda aka rubuta mata, shi ya sa kowa ke nemanta. 'Yan damfara sukan goge fuskar tsohuwar fitowa, ko LC marar FPU, su buga sabon rubutu. Rubutu ba shaida ba ne. Furosesar tana da rajistar da ke faɗin fitowarta, don haka a nemi mai sayarwa ya nuna hoton gwajinta a kan kati tana aiki.

14. Amiga ce kaɗai ke da irin wannan kati?

A'a. Apple II mai 6502 a 1 MHz ta sami TransWarp na Applied Engineering, mai 65C02 a 3.6 MHz da RAM 256 KB a jikinsa, sannan Zip Chip, wanda ake dasawa a soket ɗin furosesa ya ba da 4 MHz, daga baya 8. Wahalar Apple II ta ma fi ta Amiga, domin furosesa ce da kanta ke auna lokacin rubutu a faifai da kaɗa lasifika. Dole katin ya koma 1 MHz duk lokacin da aka taɓa ramin faifai, in ba haka ba ya ɓata abin da ke ciki. Wannan dai shi ne zancen tambaya ta 2 a wata riga.

Commodore 64 ta sami SuperCPU na Creative Micro Designs a 1996, mai 65816 a 20 MHz, ana soka shi ta ramin katirij, kuma masu amfani da GEOS, manhajar tagogi da linzami, ne suka fi cin moriyarsa. Atari ST mai 8 MHz ta sami AdSpeed na ICD mai 16 MHz, Atari Falcon kuma ta sami CT60 mai 68060. BBC Micro ta Ingila ta bi wata hanya dabam tun daga ƙira: Acorn, kamfanin da ya ƙera ta, ta tanadar mata mahaɗar da ake kira Tube, inda furosesa ta biyu ke zaune a akwatinta tana lissafi, ta asali kuma tana kula da sikirin, kibod da faifai. Ta wannan mahaɗa aka fara gudanar da furosesar ARM ta farko a tsakiyar shekarun 1980, kakar wadda ke cikin Raspberry Pi ɗin da PiStorm ke amfani da shi.